HSA ko FSA, wanne zan ɗauka?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. An buɗe zaɓen inshorar lafiya a wajen aikina, kaina ya ɗaure tsakanin HSA da FSA, wato asusu iri biyu da ake ajiye kuɗin magani a ciki ba tare da an cire haraji ba. Ɗana yana da asma, duk wata sai na sayi maganin shaƙa, ga tabarau ɗina. Bara na zuba dala 900 a FSA, shekara ta ƙare, sama da 200 suka salwanta, abin ya yi mini ciwo. Ku ba ni shawara don Allah.

Dattijo: Wa alaikumus salam 'yata. Haka FSA take, abin da ba ki kashe ba ya tafi, sai dai wasu ma'aikatu suna bari a tsallake da wani abu, a 2025 har dala 660. HSA kuwa taki ce, ko kin bar aikin kuɗin suna nan. Ba haraji wajen zubawa, ba haraji a ribar, ba haraji in kin cire don magani. Iyakar zubin iyali a 2025 dala 8,550 ce. Sharaɗinta, sai inshorarki ta zama mai babban kaso na farko, wato kuɗin da za ki biya da kanki kafin kamfanin inshora ya fara biya, a 2025 aƙalla dala 3,300 ga iyali.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, nan ne nake tsorata miki. Mai yaro da asma, kwana ɗaya a asibiti zai iya cinye wannan kason. Lissafa kuɗin maganin bara tukuna. Kuma in kin cire daga HSA don wata buƙata kafin shekara 65, akwai haraji da tarar kashi 20.

Maman Biyu: Na gode, Allah Ya saka. Yau zan fito da rasit-rasit ɗin.