Ɗiyata mai shekara 11 tana so ta sha maganin ƙiba, ya zan yi?

Maman Nana, unguwar Zariya a Maradi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa dan Allah shawara nake nema. Ɗiyata ce tana CM1, wato aji biyar na firamare, tun tana ƙarama siririya ce haka Allah ya yi ta, babanta ma dogo ne ba jiki, kuma lahiyarta lau tana wasa tana karatu ba ta kwanciya in ba zazzaɓin damina ba. To tun da aka koma lakwal bana ta canza min, wai ƴan kilas ɗinsu tsinken tsire suke ce mata, a gida kuma duk wadda ta shigo sai ta ce "wai ke ba kya ba yarinyar nan abinci ne", har da kakarta. Yanzu zane biyu take ɗaurawa in za ta fita, in an zuba tuwo ko ta yi ta turawa har ta ji amai ko ta ƙi ci tana kuka. Shekaranjiya ta ce in ba ta dala arba'in ta sayi wasu ƙwayoyi wajen mai tallan magani, wai yayar ƙawarta ta sha ta yi kumatu. Na hana amma gabana faɗuwa yake don ko kuɗin tara ta adana sun isa. Akwai maganin cin abinci mai kyau da zan saya mata a farmasi hankalin kowa ya kwanta?

Ƴar awo:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ni a CSI nake aiki, wato ƙaramin asibitin unguwa, don girman Allah kada ki bari ta haɗiyi ko guda. Ƙwayoyin nan da ake cewa sha ka fashe yawanci iri biyu ne. Akwai dexamethasone, maganin kumburi da asma ne mai ƙarfi, kumatun da kike ji ana yabo ba ƙiba ba ce ta lahiya, fuska ce ke kumbura jiki ya riƙe ruwa kitse ya taru a ciki da ƙeya, sannan yana hawar da jini da suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, ga yaro kuma yana tsaida tsawo. Wadda ta daɗe tana sha ma ba a yanke shi rana ɗaya sai likita ya riƙa rage mata, ki faɗa wa uwar yayar ƙawar nan haka. Na biyun cyproheptadine, shi ne cikin su siro ɗin cin abinci, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki amma barci zai riƙa sa ta a kilas.

Ki kawo ta a auna tsawo da nauyi a duba da shekarunta, a duba jini ko ya yi ƙasa, a ba ta na tsutsar ciki in ta daɗe ba ta sha ba. Igiyar nan ta awon dantse mai ja da ɗorawa da kore ta ƴan wata 6 zuwa shekara 5 ce, ba tata ba ce kar wani ya ɗaura mata a gida ya tsorata ku. Mu nan Maradi tun yunwar 2005 da aka cika cibiyoyi da yara masu tamowa ana raba musu abincin gyaɗar nan Plumpy'Nut idonmu ya tsorata da rama, da mun ga yaro siriri sai mu ce ciwo. Amma ƴar shekara 11 lokacin miƙewarta ne, da yawa tsawo ke fara zuwa jiki ya biyo baya.

Inna ta Bagalam:
To ni dai ƙwaya ban yarda da ita ba amma kakarta ba ta yi laifi ba, so ne. Mace sai da ɗan jiki. Ki dama mata kunun gyaɗa da safe, fura da nono da rana, ki tsaya a kanta da bulala sai ta shanye, mu haka aka yi muna kuma ga mu.

Uwar ƴan biyu:
Inna Allah ya ƙara girma, kunun da furar na yarda, bulalar ce ban yarda ba. Ni nawa akasin haka ne, ɗiyata mai jiki ce, buhu suke ce mata, sai ta koma ba ta ci gaban mutane sai an watse ta shiga madafa ta ci a tsaye cikin sauri. Ga siririya tana kuka ga mai jiki tana kuka, to wace ce ta tsira? Bakinmu ne mu manya. Abin da na yi na kafa doka a gidana, in an ajiye tire ba mai maganar jikin wani, ba "ƙara" ba "ya isa haka". Ni ke zaɓar abin da za a dafa da lokacin ci, ita ke sanin ta ƙoshi. Kuma na daina cewa in kin cinye zan ba ki biskit, don yaro sai ya ɗauka tuwon ne horo biskit ɗin ne lada. Ki riƙa jan ta madafa, ta tsinke zogale ta daka ƙuli ta haɗa kwaɗon da hannunta, abin da yaro ya haɗa da kansa da wuya ya ƙi ci. Wake, awara, ƙwai in an samu, fara soyayya lokacinta, aya da gyaɗa a aljihu, duk suna nan kasuwa ba sai da tsada ba. Mu ma mu lura, kina gaban madubi kina cewa na rame na yi muni ko kina shafa man bilicin tana zaune tana kallo, me kike so ta ɗauka.

Malamin lakwal, Tibiri:
Hajiya ki je ki samu madam ɗinsu ku biyu, ba gaban ɗalibai ba, in aka kira sunanta a kilas aka ce ku daina tsokanar wance abin ƙaruwa zai yi. Maza ma suna shan tsokanar, ba sa faɗi ne kawai. Sannan ki duba wayar wa take kallo, masu tallan maganin hips sun cika TikTok da Facebook kuma hotunan gyararru ne, ki zauna ki nuna mata.

Maman Nana, Zariya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan kai ta awo ranar Litinin in sha Allah. Matsalar kakar ce, uwar mijina ce, ni ba zan iya buɗe baki in ce Inna ki daina ba.

Ƴar awo:
Ba ke za ki faɗa ba, babanta zai faɗa, shi ɗanta ne kuma jikinshi yarinyar ta ɗauko. In da hali ma ku taho da tsohuwar ta ji sakamakon awon da kunnenta, sun fi yarda in daga bakin likita ne. Ki zo da katinta na rigakafi in yana nan, kuma in kin ga tana sa yatsa tana amai bayan cin abinci ko tana ɓoye abinci ko nauyinta na raguwa, wannan kada ki jira Litinin.