Muhawara: Shin Prince Estabrook ɗan sa-kai ne?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Sau biyu ke nan ina kawo wannan magana ana tsallake ta kamar ba a gani ba, amma yau ba zan haƙura ba. Duk lokacin da ake ba da labarin yaƙin da Amurka ta yi don ƙwatar kanta daga Ingila, George Washington ake ta yabo, a manta da 'yan sa-kan da suka fara tarar bakin bindiga. Ga Prince Estabrook, baƙar fata kuma bawa, wanda yana cikin mutum kimanin 77 da suka jeru a filin garin Lexington ƙarƙashin Kyaftin John Parker da asubahin 19 ga Afrilu, 1775. Sojojin Ingila suka kashe 8 daga cikinsu, shi kuma harsashi ya same shi a kafaɗa. Da aka zo yin dokar fansho a 1818, sai aka keɓe ta ga dakarun rundunar ƙasa, wato cikakkun sojojin da Washington ya jagoranta, da suka yi aƙalla wata 9 kuma talauci ya kama su. 'Yan sa-kai ba a waiwaye su ba sai a 1832, shekara 49 bayan sulhun 1783 da ya kawo ƙarshen yaƙin, lokacin da saurayin da ya ɗauki bindiga yana ɗan shekara 20 a 1775 ya kai 77, yana dogara sanda zuwa kotu da limamin coci da maƙwabcinsa don su shaida cewa an san shi da zuwa yaƙi. Estabrook ya rasu a 1830, bai ga wannan doka ba. Ni dai a wurina wannan butulci ne.

Malamin tarihi: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina, kalmar "sa-kai" da ka yi amfani da ita kuskure ce. A mafi yawan yankunan Amurka da Ingila ke mulka a wancan zamani, doka ce ta wajabta wa maza masu lafiya, galibi daga shekara 16 zuwa 60, su shiga rundunar garinsu, su tanadi makami, su fito atisaye, wanda ya ƙi kuma a ci shi tara. Wanda doka ta tilasta wa fitowa ba a ce ya sa kansa ba. Balle mutumin da kai da bakinka ka ce bawa ne, ta yaya wanda bai mallaki kansa ba zai sa kansa?

Wani ɗan kasuwa: To idan ba 'yan sa-kai ba ne, ai sai a ce 'yan banga, domin mutanen gari ne da suka ɗauki makami don tsare garinsu.

Mai buɗe zance: Alhaji, ina roƙonka ka janye wannan kalma. Mutumin da ya zubar da jininsa a ranar farko ta yaƙi ba za a kira shi da sunan masu gadin unguwa da tocila da gora ba.

Wani ɗan kasuwa: Ba zan janye ba, kuma raina 'yan banga da ka yi ya fi kalmata muni. Ƙanena ɗan banga ne, yana kwana a waje cikin sanyin hunturu don irinku su yi barci.

Tsohon soja: Ku kira su duk abin da kuka ga dama, muddin ba ku ce musu sojoji ba. Na yi shekaru cikin kaki, na san bambancin wanda aka horar da wanda ya ajiye fartanya jiya. Washington da kansa ya rubuta wa majalisa a watan Satumba na 1776 cewa dogaro da irin waɗannan mayaƙa kamar jingina ne da karyayyar sanda. A faɗan Camden kuma, ranar 16 ga Agusta, 1780, da yawansu sun watsar da bindigogi a ɗure suka tsere, suka bar sojojin gaskiya a hannun abokan gaba.

Wata ɗaliba: Baba, tare da girmamawa, ba a yi wata biyu da Camden ba, ranar 7 ga Oktoba, irin waɗannan mayaƙan ne suka murƙushe rundunar Manjo Patrick Ferguson ta ɓangaren Ingila a Kings Mountain. A Cowpens ma, cikin Janairun 1781, Janar Daniel Morgan na Amurka ya sa su a gaba, ya umarce su da su yi harbi sau biyu su ja da baya, dakarun Tarleton, kwamandan Ingila, suka ɗauka gudu ne suka afka tarko. Sannan shi Estabrook ɗin daga baya ya shiga rundunar ƙasa, don haka ban ga yadda zai zama hujja a batun fansho ba.

Tsohon soja: 'Yata, ai kin taimake ni. Morgan ya san ba za su iya tsayawa ba, shi ya sa ya ba su aikin ja da baya. Ki tambayi wanda ya taɓa jin ƙarar harsashi kafin ki koya wa manya yaƙi daga littafi.

Malamin tarihi: Yallaɓai, wannan ba adalci ba ne. Yarinyar ta kawo rana da wuri, kai kuma ka amsa mata da shekarunka. Har yanzu ina kan bakana cewa "dakarun gari" shi ne daidai, ba "sa-kai" ba.

Wani ɗan kasuwa: Ni har yanzu ina jiran a ba ƙanena haƙuri.

Shugaban zaure: Jama'a, a tsaya haka nan. Abin da na fahimta daga tattaunawar shi ne, kusan kowa ya amince cewa waɗannan mutane ba sojoji ba ne, kuma Baba, wanda shi kaɗai ne a cikinmu ya san filin daga, ya tabbatar da hakan da maganar Washington da abin da ya faru a Camden. An ambaci wasu faɗace-faɗace guda biyu, amma Baba ya ba da amsa gamsasshiya. Ina kira ga matasa su riƙa tauna magana a gaban manya. Na rufe wannan batu.

Mai buɗe zance: Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Maganar fansho na kawo, kuma in ban da ɗalibar nan, babu wanda ya ce uffan a kanta. Gobe zan sake kawo ta.