Kunun zaƙi na tsiro yana kumfa kafin la'asar, ina matsalar take?

Uwargidan Agege:

Assalamu alaikum. Masu ilimin kunu ku taimaka mini. Ina yin kunun zaƙi da tsiron dawa don in rage amfani da sukari. Gero kilo 1 nake jiƙawa ya kwana, a markaɗa shi da citta da kanumfari da tsiro cikin kofi ɗaya. In raba ƙullun gida biyu, in dama ɗaya da tafasasshen ruwa, in juye ɗayan a kai nan take, in rufe tun bayan magariba. Da safe in tace, in sa sukari, in ɗura a robobin lemo.

Matsalolina uku ne. Zaƙin tsiron ba ya fitowa, sai na zuba sukari da yawa. Kafin la'asar robar ta yi tauri, in an buɗe sai ta huce da kumfa. Sannan tsiron da nake yi da kaina yana fumfuna a kwana na uku. Kumfar nan ce ta fi damuna, kada in zo ina ba yara abin da ya kama hanyar zama giya.

Mai Tsiro:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da zaƙi, don a nan kuskuren ya fi girma. Juye ɗanyen ƙullu da kike yi nan take a kan wanda kika dama shi ne yake kashe aikin tsiron.

Idan hatsi ya tsira, yana samar da wani sinadari da ake kira amilas. Aikinsa shi ne ya yanka sitaci ya mai da shi sukari. Amma yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, sitacin ya zama dafaffe, domin ɗanyen sitacin gero da dawa ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 na ma'aunin Celsius ko ya wuce. Dalilin dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa ke nan. Na biyu, shi amilas ɗin ba ya jure wannan zafin. Ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, kuma da zarar an wuce 80 ya lalace cikin 'yan mintuna. Kunun da aka dama yanzu-yanzu yana kan 85 ko fiye. Kin ga ke nan kina dafe tsiron kafin ya yi komai. Sannan tun da kin markaɗa tsiron tare da geron kafin ki raba, rabinsa ma ya bi tafasasshen ruwa.

Ga yadda za ki gyara. Ki markaɗa geron dabam da kayan ƙamshinsa: busasshiyar citta kamar giram 25, kanumfari ƙwaya 10, ɗan masoro. Tsiron kuma giram 200, ki haɗa shi da busasshen dankalin Hausa giram 100 da geron cikin hannu biyu, a markaɗa su dabam da ruwan da bai wuce lita 1 ba. Dankalin ba ado ba ne. Tsiron dawa yana da ƙarfi wajen tsinka kunu, amma yana da rauni wajen irin amilas ɗin da yake fitar da zaƙi sosai, shi kuwa dankali cike yake da shi. Iyayenmu da suke jefa dankali a markaɗen kunu sun san abin da suke yi.

Ki dama babban ƙullun da tafasasshen ruwa lita 5 har ya yi kauri ya canza launi. Idan bai damu ba, ki ɗora a wuta kina juyawa minti 5. Sai ki bar shi a buɗe kina motsawa har ya sauko digiri 70. Ki zuba ƙullun tsiron, zai tsaya wajen 63 zuwa 65. Ki juya sosai, ki juye a kula mai murfi, ki bar shi awa 1 da rabi zuwa 2. Alamar nasara tana bayyana tun a minti 10 na farko: kunun da ludayi yake tsayawa a ciki zai tsinke ya koma ruwa-ruwa a gaban idonki. Bayan awa ɗaya ki ɗanɗana, za ki ji zaƙi mai gardi irin na lemon malt. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada, masu kayan kek suna sayarwa, kuma ya fi gwaji da yatsa nesa ba kusa ba.

Sai batun fumfuna. Yadda ake tsiro a Kano ko Katsina ba zai yi a Legas ba, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba da iska take cike da laima. Ki fara da gwada dawar: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle, idan bayan kwana 3 waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, ki canza dawa, domin matattun ƙwayoyi su ne suke fara ruɓewa su lalata sauran. Kada ki taɓa amfani da irin shuka da aka sa wa magani, wanda za ki ga launin ja ko kore a jikinsa. Ki rege, ki kwashe duk wanda ya taso saman ruwa, ki jiƙa awa 12 zuwa 18 kina canza ruwan duk awa 6. Ki tsame ya tsane sarai kafin ki baza a kan wankakken buhun algarara, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu. Ki rufe da ƙyalle mai ɗan danshi, ban da leda. Safe da yamma ki juya shi da hannu, ki yayyafa ruwa kaɗan idan ya bushe kawai. Hatsi mai tsira yana fitar da zafi, in an tara shi da kauri cikinsa zai ɗumame, fumfuna kuwa abin da take jira ke nan. Da zafin Legas kwana 3 ya isa.

Ki shanya a rana har ƙwayar ta riƙa karyewa da ƙara in an ciza. Da damina ki ƙarasa busarwa a oba a wuta mafi ƙanƙanta, a bar ƙofar a ɗan buɗe, kada zafin ya wuce digiri 50. In ya bushe ki murje shi tsakanin tafukanki ki sheƙe, saiwar da ɗan koren tsiron duk su fita. Wannan wajibi ne, domin tohon dawa yana ɗauke da sinadarin da yake sakin gubar sayanayid, shi ne ma abin da yake kashe dabbar da ta ci ɗanyar dawa mai toho a gona. Tsiron da ya yi fumfuna kuwa a zubar. Wanki ba ya cire gubarta, tafasa ma ba ta cirewa. Mafi sauƙi, ki yi tsiron da zai kai ki watanni a Disamba ko Janairu lokacin da hunturu ya leƙo, ki adana a kwalba mai murfi.

Hajiyar Idi-Araba:

Malam ya gama magana a kan zaƙi. Ni kumfar zan taɓa, 'yar uwa. Daga magariba zuwa safe awa 12 ne, ya yi yawa a garin nan. A Jos da sanyi kunu zai kwana lafiya, amma ɗakin girkin Agege da daddare ma yana kusa da digiri 30. Bayan awa 2 ɗin nan na kula, ki buɗe ya huce, ki ba shi awa 5 zuwa 6 kawai ya ɗauki ɗan tsaminsa, ki tace. In kina son na safe, ki dama da ƙarfe 10 na dare ki tace da asuba.

Sai ki duba inda yis, mai jawo kumfar, yake shigowa. Na farko injin markaɗe. Injin unguwa ya markaɗa ƙullun koko da na ƙosai da kayan miya tun safe, ragowar tana maƙale a haƙoransa tana tsami. Ki tafi da ruwanki a wanke shi a gabanki, ko ki zama ta farko da sassafe, ko ki yi da bilenda a gida tun da kilo ɗaya ne. Na biyu ƙyallen tata. In an ɗauraye shi kawai an rataye da danshi, gobe shi zai zame miki kamar tsohon ƙullun da ake sa wa sabo ya tashi. A tafasa shi minti 10, a shanya a rana. Haka ludayi da muciya. Na uku robobin. Tsohuwar robar lemo tana riƙe datti a zaren murfi da gindinta, ga shi ba ta ɗaukar tafasasshen ruwa, lanƙwashewa take. In dole sai ita, a wanke da sabulu da buroshi, a jiƙa a ruwan bilic marar turare, cokalin shayi ɗaya a lita 4, minti 10, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan da za ki ƙara wajen tata shi ma dafaffe, kada a ɗebo daga rijiya ko tanki a zuba kai tsaye. Sukari kuma kada ki sa wa duka. Ki sa wa wanda za a sha yanzu.

Uwargidan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan na tafasa shi bayan na tace fa, ba shi ke nan ba? Wutar lantarkinmu ba ta da tabbas, firij ba abin dogaro ba ne.

Hajiyar Idi-Araba:

Kada ki tafasa. Akwai sauran ɗanyen sitaci a ciki, in ya ji wuta zai yi kauri ya koma koko, ƙamshin citta ma ya gudu.

Ɗan Mile 12:

Gaskiyar Hajiya, amma akwai tsaka-tsaki. Ba sai an tafasa ba ake kashe yis, digiri 63 zuwa 65 na minti 30 ya wadatar, kuma wannan zafin bai kai ya damar da sitacin sosai ba. A ɗura kunun a kwalaben gilashi, a bar sararin yatsu biyu a sama, a ɗaura murfi sako-sako. A shimfiɗa tawul a gindin tukunya, a jera kwalaben, a zuba ruwa har wuyansu, a ɗora a wuta kaɗan. Ma'aunin zafin a cikin kwalba ɗaya za a sa shi, ba a ruwan tukunya ba, kuma lissafin minti 30 yana farawa ne daga lokacin da kunun kansa ya kai 63. Sai a ɗaure murfin, a sanyaya da sauri a ruwa mai ɗumi sannan mai sanyi, kada gilashin ya fashe. Wannan ba ya mai da shi lemon kanti da zai yi wata a kan tebur, domin wasu ƙwayoyin cuta suna tsira daga wannan zafin. Zai kai ki dare ba kumfa, in kuma da ƙanƙara a kula ko firij ya samu wuta, ya yi 'yan kwanaki. Saboda haka ma kada a hana kunu ɗan tsaminsa gaba ɗaya, tsamin nan kariya ne gare shi.

Game da tsoron giya da Uwargidan Agege ta ambata, yana da kyau a bambance abu biyu da ake haɗawa. Tsami dabam, maye dabam. Tsamin kunu aikin bakteriya ne irin waɗanda suke mai da madara nono, suna cin sukari su ba da tsami. Barasa kuwa aikin yis ne, yana cin sukari ya raba shi kusan biyu daidai, rabi barasa rabi iskar gas. Wannan iskar ce take taurara roba. Lissafinsa sananne ne wurin masu harkar: sukari kimanin giram 17 a lita ɗaya, in yis ya cinye, yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Giram 4 a lita kuma yana ba da iskar da ta kai girman ruwan kansa. Robar da ta yi tauri kamar sabon lemo, in yis ne ya cika ta, an ci giram 10 zuwa 15 a lita ke nan, wato barasar ta doshi kashi 1. Wasu daga cikin bakteriyar tsami su ma suna fitar da iska, don haka ba duk kumfa ce ta yis ba, amma idan aka haɗa da wari irin na ƙullun burodi da ɗan yaji a harshe, to yis ne ya samu gindin zama. Kunun da aka zuba wa sukari giram 80 a lita, in an ƙyale shi kwanaki, yana da abin da zai kai shi sama da kashi 4, wanda shi ne ƙarfin giyar kwalba.

Dalili kuwa, hanyar ɗaya ce har zuwa wani mataki. Burukutu ma daga tsiron dawa yake farawa, a fitar da zaƙin, a bar shi ya yi tsami, a tafasa, ya huce, sannan a zuba masa ragowar tsohon haɗi mai yis a ba shi kamar kwana 2. Manyan kamfanonin giya da ke Iganmu da Ikeja ma sun koma ga dawa ne bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kuma lemon malt marar barasa da muke sha ruwan tsiro ne da aka dafa aka rufe ba a bar yis ya yi aiki a cikinsa ba. Iyakar tana wurin yis da lokaci. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Muslim ya nuna ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Hukunci dai na malamai ne, amma a aikace kada a ɗauki kwana ukun nan a ɗora wa kunun gero mai sukari a zafin Legas, shi ba ya kaiwa haka. Robar da ta riga ta yi tauri tana huci, ni dai ba zan ba da shawarar a ba yara ba.

Mai Tsiro:

Ƙari ɗaya, Hajiya. In kin bi matakin kula yadda ya kamata, awa 2 a digiri 63 ya riga ya kashe yawancin yis ɗin da ya biyo inji, har ma da bakteriyar tsami, don haka kunun zai iya jinkirin yin tsami. Idan awa 6 ta cika kin ji bai ɗauka ba, kada ki ƙara masa lokaci. Ki jiƙa tsamiya a ruwan zafi, ki tace, ki zuba rabin kofi a kunun duka, wato kamar lita 7, ki ɗanɗana kafin ki ƙara.