Fas, Marrakesh da bakin teku a kwana goma: waɗanda suka je Maroko su ba mu labari

Baban Yara, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da uwargidana da 'ya'yanmu uku da kuma mahaifiyata muna da niyyar zuwa Maroko a dogon hutun makaranta, wato cikin watan Agusta, kuma kwana goma kacal muke da su. Burin Hajiya mahaifiyata shi ne ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, ni kuma na daɗe ina son ganin Marrakesh da idona, yara kuwa ba su da zance sai na teku, domin har babbansu mai shekara 12 bai taɓa ganinsa ba. A takarda na jera Kasablanka, Fas, Marrakesh, Agadir, sannan Tanja, amma hankalina bai kwanta da tsarin ba, musamman saboda Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa haɗa ziyarar tsofaffin birane da hutun bakin teku a wannan ƙasa ya faɗa mana yadda ta kasance masa.

Malam na Damagaram

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya ta kai mahaifiya ziyara. Na je Fas sau biyu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne garuruwa biyar sun yi yawa a kwana goma. Daga Kasablanka zuwa Fas kusan awa huɗu ne a jirgin ƙasa, daga Fas zuwa Marrakesh kuwa sai ka ba da awa shida da rabi ko fiye, sannan layin dogo ya ƙare a Marrakesh, don haka Agadir sai a mota, wata awa ukun ke nan. Idan ka haɗa da ɗaure kaya da kwance kaya da neman masauki, kwana huɗu daga cikin goman sun tafi a hanya.

Ita Fas ba garin da ake leƙawa a wuce ba ne. Mota ba ta shiga tsohon garin, a bakin ƙofa za a sauke ku, daga nan sai ƙafa, ta lungunan da wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, kuma za ka riƙa jin masu jakai da alfadarai suna kiran “balak, balak” domin a ba su hanya. Garin a gangare yake, shiga da sauƙi, fitowa kuwa hawa ne. A zuwana na farko na kama ɗaki a irin gidajen nan masu tsakar gida da suke kira riyad, ban tambayi komai ba, sai na tarar ɗakin yana hawa na uku, matakalar ga tsayi ga ƙunci. Saboda Hajiya, ka nemi ɗakin ƙasa tun kafin ka biya, ka tambayi nisan gidan daga inda mota ke tsayawa, kuma ka sa su turo mai baro ya ɗauki jakunkuna.

Amma wallahi wahalar ta cancanta. Shehu ya rasu a Fas a 1815, kuma a zawiyarsa bayan la'asar ta Juma'a za ka zauna cikin mutanen Senegal da Mali da Najeriya da namu na Nijar, kowa da harshensa, zikiri ɗaya. Ba nisa daga nan akwai masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a 859. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne bayan magariba, da na ji jama'a sun haɗa murya suna karanta izu da ruwayar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo, sai na ji kamar ina zaure a gida. Ka ware wa Fas kwana huɗu, ka sa Juma'a a ciki, ka kuma sani cewa yawancin shagunan tsohon gari suna rufe a ranar.

Maman Husna, Kaduna

Baban Yara, ni maganar teku zan yi maka, domin a nan muka yi kuskure. Mun zaɓi Suwaira, wadda Turawa ke kira Essaouira, saboda hotunanta sun burge mu, ga ganuwa da tsofaffin igwa suna kallon ruwa, ga jiragen masunta masu shuɗin fenti. Garin yana da kyau ƙwarai, Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya gina shi a shekarun 1760, kuma ta tasharsa kayan ayarin Timbuktu suke fita zuwa Turai a da. Kifin da muka saya a bakin tasha aka gasa mana nan take, da gishiri da lemon tsami kawai, har yau yara suna tuna shi. Sai dai iskar garin ba ta tsayawa, tun daga hantsi take kwasar rairayi tana watsa wa mutum a fuska, ruwan kuma sanyi gare shi ko a tsakiyar zafi, domin tekun Atlantika ne. Ƙaramarmu ta tsoma ƙafa sau ɗaya ta dawo tana rawar ɗari, ba ta sake yarda ba.

Daga baya muka sauka Agadir, inda bakin ruwan yake da faɗi kuma iska ba ta kai ta Suwaira ba, a nan ne yara suka samu wasan da suke so. Amma kada ka je can neman tarihi, girgizar ƙasa ta 1960 ta rushe garin, abin da ke nan yanzu sabon gini ne. Abu ɗaya da muka yi daidai shi ne mun bar teku a ƙarshe. Bayan kwanaki ana yawo a ƙafa cikin kasuwanni, jiki yana bukatar inda zai zauna ba tare da an ce a tashi a je ganin wani abu ba.

Abu Safwan, Zariya

Ina girmama ra'ayin Malam, amma ba na son a sa Alhaji ya raina Marrakesh, domin alaƙarmu da garin ba ƙarama ba ce. A can kabarin Alƙali Iyal yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da fadojinmu, wanda ya rasu a 1149. A can ne kuma aka tsare Shehu Ahmad Baba na Timbuktu bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta ci daular Songhai a 1591, ya zauna yana karantarwa har aka bar shi ya koma gida. Na tsaya a kangon fadar Badi da wannan sarki ya gina, yanzu ba abin da ya rage sai jajayen bangaye da shamuwa ta yi sheƙa a kansu, na daɗe ina tunanin zinariyar ƙasashenmu da ta bi ta wannan gari.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce ni a watan Maris na je. Wani abokina da ya kai iyalinsa a Agusta ya ce daga azahar zuwa bayan la'asar ba sa iya fita, zafi ya haura digiri 40, kuma Fas ma ba ta da sauƙi a wannan wata. Mu mutanen Arewa mun san rana, amma a gida ba ma yini muna yawo a cikinta da tsohuwa da ƙananan yara. Idan ba za a iya ɗaga tafiyar ba, Marrakesh ta jira wani zuwan.

Hajiya Babba, Kumasi

Ɗana, ni shekaruna sun kusa na mahaifiyarka, kuma bara 'yata ta kai ni, don haka ka saurari abin da ya yi mini daɗi. Daga Fas arewa muka nufa, ba kudu ba. Mun kwana biyu a Tanja, garin da aka haifi Ibn Battuta a 1304, inda idan gari ya washe kana hango tsaunukan Sifaniya a tsallaken ruwa. Daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota zuwa Tiɗwan, farin gari a jikin dutse, wanda Musulmin da aka kora daga Andalus suka sake ginawa, kuma tsohon garinsa ƙarami ne, na zaga shi da sandata ban galabaita ba. Teku kuma yana nan kusa, a Martil da Madiƙ, kuma Bahar Rum ne, ruwansa ya fi kwanciya. Mun kama gida mai ɗakin girki, da safe mu je bakin ruwa, da yamma mu shiga gari.

Ka gaya wa uwargidanka kada ta damu da maganar sutura. Iyalan Maroko ne suka cika wurin, mata da yawa da jallabiya da mayafi suna zaune ƙarƙashin laima da butar shayi, wasu suna shiga ruwa da doguwar rigar iyo. A Agusta kowa yana hutu, cunkoso ya yi yawa kuma kuɗin haya yana tashi, saboda haka a kama gida da wuri, a kuma fita tun da sassafe. Komawa ba ta ba mu wahala ba, jirgin ƙasa mai gudu da suke kira Buraƙ, wanda ya fara aiki a 2018, ya kai mu Kasablanka daga Tanja cikin awa biyu da 'yan mintoci.

Malam na Damagaram

Na manta abu biyu. Ƙananan tasi na cikin gari ba sa ɗaukar fiye da mutum uku, ku kuma ku shida ne, don haka kullum mota biyu za ku tsayar ko ku nemi babba. Sannan a bakin ƙofar tsohon garin Fas wani saurayi ya taɓa ce mini hanyar zawiya a rufe take, ya zagaya da ni har shagon fata na wani ɗan'uwansa. Ka roƙi masu masaukinka su haɗa ka da ɗan rakiya mai lasisi a rana ta farko, ku yi ciniki kafin ku tashi.

Baban Yara, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya amsoshinku jiya da dare, da ta ji maganar karatun Warshu bayan magariba sai ta ce a ƙara mata kwana a Fas. Mun cire Marrakesh da Agadir, duk da cewa bayanin Abu Safwan ya sa cirewar ta yi mini nauyi. Yanzu tsarin shi ne kwana ɗaya a Kasablanka domin mu yi salla a masallacin Hassan na Biyu da ke bakin teku, huɗu a Fas har da Juma'a, ɗaya a Tanja, huɗu a Martil. Gobe in sha Allah zan fara haɗa takardun biza. Hajiya Babba, don Allah gidan da kuka kama yana da nisa da bakin ruwa, kuma a hawa na nawa yake?