Dala 700 ce a hannuna: AK ta ƙasar waje zan saya ko AR mai sauƙin kuɗi?

Baban_Hanifa:

Assalamu alaikum yan uwa mazauna Amurka. Dan Allah waɗanda suka san harkar bindiga ina neman shawararku. A Texas nake, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma na jima ina bin abokan aiki filin harbi ina aron tasu, to yanzu dai ina so in mallaki tawa. Irin mai siffar ta soja nake so amma wadda doka ta yarda farar hula ya riƙe, kowane jan kunama harsashi ɗaya. Don harbin allo ne ranar hutu, sai kuma wani abokina mai gona da aladun daji suke masa ɓarna yana yawan gayyata ta.

Abinda zan iya fitarwa bai wuce dala 700 ba. Ni dai zuciyata tafi karkata ga AK saboda kowa cewa yake bata da laulayi, kuma naji ana cewa waɗanda ake shigowa dasu daga Romaniya da Sabiya sunfi araha, amma da na leƙa shago sai naga kuɗin ya wuce yadda nake zato, mai shagon ma AR, ƙirar Amurka, yake ta nuna min. Shin na wajen nan suna da inganci kuwa ko dai arha ce kawai? In mutum ya riƙe ɗaya a hannu me zai duba? Sannan ina ganin SKS, tsohuwar bindigar sojan Soviet, ta hannu ƙasa da haka, ita fa?

Dogo762:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Gaskiyar magana labarin da kaji na arhar AK tsohon labari ne, da can haka ne amma yanzu an wuce wurin. Ƙofofin ne aka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1989 gwamnatin Bush babba ta hana shigo da bindigogi masu siffar soja da ba'a ɗauke su na wasa ko farauta ba, a 1994 aka tsayar da na China wato Norinco, a 2014 takunkumi ya hau kamfanin Kalashnikov sai AK ɗinsa mai suna Saiga ta daina shigowa, a 2017 wata AK ta Rasha mai suna Vepr ma ta bi bayanta. To kaga kasuwar da ada ƙasashe da yawa ke zuba kaya yanzu saura yan kaɗan, dole kuɗi ya tashi.

Waɗanda zaka fi cin karo dasu guda biyu ne. WASR-10, ana ƙera ta a masana'antar Cugir ta Romaniya, Century Arms ke shigo da ita. Sai ZPAP M70 ta Zastava daga Kragujevac a Sabiya. ZPAP tafi nauyi kuma tafi kyan gamawa, ƙarfen jikinta kauri milimita 1.5 ne maimakon 1 na sauran, amma da 700 ɗinka da wuya ka same ta sabuwa. WASR kuwa ba kyakkyawa bace, katakonta kamar ba'a gama gogewa ba, fentin ma haka, amma inda ya kamata ace tana da kyau tana da shi, bututunta an dake shi da injin ƙira kuma an shafe cikinsa da kurom, shi yasa yake daɗewa baya saurin tsatsa.

Kuma ka fahimci wani abu, WASR ba a yadda kake ganinta a shago take shigowa ba. Da ƙaramin ramin magazin take zuwa, na siririyar magazin mai harsashi goma, sai an iso da ita nan ake buɗe ramin a faɗaɗa shi a sauya wasu kayan da na Amurka saboda dokar da ake kira 922(r), wadda tace daga cikin sassa 20 da aka lissafa kada na waje su wuce 10. A wajen wannan aikin da kuma wajen haɗi ne ake samun wadda ta fito daidai da wadda ta fito a karkace, shi yasa ni bana son a sayi irin wannan ba'a gani da ido ba.

In ka riƙe ta, bayan mai shago ya nuna maka ba komai a ciki, ka ɗaga ta ka kalli saitin gaba ta cikin na baya, wani zaka ga ƙarfen saitin ya jirkice hagu ko dama ƙiri ƙiri, tsofaffin WASR sun yi suna da wannan. Ka shafa yatsa akan kawunan ƙusoshin da suka riƙe jikin, su zama sun kwanta lif da ƙarfen, in farcenka yana shiga ƙarƙashin kan ƙusa ka ajiye ta. Ka roƙi magazin ka saka ka girgiza, ɗan motsi kaɗan ba komai bane a AK amma in tana ta ƙwal ƙwal an wuce gona da iri wajen faɗaɗa ramin. Ka ja mariƙin baya sau da yawa kaji ko yana sarƙewa. Sannan ka haska tocila cikin bututun.

Babban abinda nake tsoro ma ba na wajen bane wlh, wasu AK masu arha da aka haɗa a nan Amurka ne. Akwai wani guntun ƙarfe a gaba inda bututu yake shiga kuma makullin harsashi yake kamawa, shi ke ɗaukar duk ƙarfin harbi. Na Cugir da na Zastava ƙerarre ne, wasu kuma suka yi nasu da ƙarfen zubi don rage kuɗi, yana cinyewa a hankali har tazarar ɗakin harsashi ta buɗe, kuma wannan fuskarka ce a kusa da wurin. Ka tambaya kai tsaye, ƙira ne ko zubi? In mai shago ya fara kame kame ka wuce.

Injiniya_Ohio:

Dogo ya faɗi gaskiya akan AK amma ni inaga mai shagon nan ba cutarka yake so yayi ba. A 700 AR ce daidai aljihunka. Dalili kuwa tun da haƙƙin mallakar ƙirar da Colt ta saya daga ArmaLite a 1959 ya ƙare a wajen 1977 kowa ya samu damar yi, yanzu kamfanoni birjik suna gasa kuma duk awo ɗaya ne, kayan wannan yana hawa na wancan. Ruger AR-556, Smith & Wesson M&P15 Sport, ko na Palmetto State Armory, duk zaka samu cikin kuɗinka, wani lokacin har da canji. Kuma in wani abu ya lalace kamfanin yana nan cikin ƙasa, ba sai ka jira kaya daga Turai ba.

Sai maganar harsashi wadda mutane suke mantawa. Abinda yasa AK take da daɗin riƙo ada shine harsashin Rasha mai kwanson ƙarfe, su Tula da Barnaul, kamar kyauta. A watan Agusta 2021 aka sanar da hana shigo da harsashin Rasha, tun daga nan harsashin AK wato 7.62x39 ya daina zama na talaka, sau da yawa 5.56 na AR yana daidai da shi ko ma ƙasa. Mai zuwa filin harbi akai akai cikin shekara biyu ko uku kuɗin harsashinsa zai iya wuce kuɗin bindigar. Ga kuma filayen harbi na cikin gini da yawa suna sa maganaɗisu a kan harsashi, in ya kama basu yarda ka harba ba saboda yana ɓata musu bangon baya, kuma yawancin na AK masu arha suna kamawa.

In zaka ɗauki AR ka duba rubutun jikin bututun yace 5.56 NATO, don wannan yana cin 5.56 da .223 duka, wanda aka rubuta .223 kaɗai ba'a so a sa masa 5.56. Ka ce a ciro maka ƙarfen da ke kai da komowa a ciki ka kalli sukurori biyun nan na samansa, ya zama an danne ƙarfe a gefensu don kada su kwance. Kuma wasu suna zuwa babu saiti ko ɗaya a kansu, ka sa wannan a lissafi.

Maganar laulayi kuma an zuzuta ta da yawa, AR in kana sa mata mai tana aiki lafiya lau.

Dogo762:

Injiniya ban musa ba akan kuɗi, amma ka tuna yace harda aladun daji. 7.62x39 nauyinsa wajen giren 123 ne (giren shine ma'aunin nauyin harsashi), na 5.56 da aka fi samu 55 ko 62, kuma a tazarar da ake harbin alade cikin duhuwar gona mai nauyin yafi kwantar da dabba nan take ba tare da ta gudu da rauni tana wahala ba. Da 5.56 ma ana yi amma sai ka sayi harsashin farauta na musamman ka kuma iya saiti sosai.

Kawu_Sule:

Bari in amsa ta SKS tunda ba wanda ya taɓa ta. Ƙirar Simonov ce ta 1945, harsashinta ɗaya da AK, magazin ɗinta a manne yake yana cin goma, ta sama ake ɗura mata. A farkon shekarun 1990 ta China ƙasa da dala 100 ake sayarwa, yau ka ninka wannan sau huɗu ko biyar ko fiye. Bindiga ce mai amana ɗana, amma tsohuwa ce, wasu sun shekara sittin a duniya, to kowace da halinta.

Abu biyu zaka kula. Na farko giris ɗin ajiya, wani mai ruwan ƙasa mai danƙo da ake cika su da shi a rumbun soja. Allurar da ke dukan harsashi a yawancinsu bata da sifirin mai mayar da ita baya, in giris ya bushe a raminta sai ta maƙale a gaba, kana sakin makulli bindiga ta tashi da kanta ba ka taɓa kunama ba. Mutane sun ji ciwo ta haka. Gwajin mai sauƙi ne, a ciro makullin ka girgiza shi kusa da kunnenka, dole kaji allurar tana kas kas tana kai da komowa, in shiru ne kada a sa mata harsashi sai an warware an wanke tas. Na biyu ta Yugoslabiya samfurin 59/66, wadda ke da dogon baki, cikin bututunta babu kurom, kuma an harba tsohon harsashin soja mai barin gishiri a cikinsu, in mai ita na baya bai wanke da ruwa ba zaka haska kaga ciki baƙi da ramuka ramuka. Kowace ta hannu ka saya, AK ko SKS, ka kai wa makanikin bindiga ya auna tazarar ɗakin harsashi da ma'auninsa kafin harbin farko, kuɗin kaɗan ne.

Kuma kada ka biye wa masu cire magazin ɗinta suna sa dogo na roba, yawanci daga nan take fara sarƙewa, ga dokar sassan nan da Dogo ya faɗa tana iya hawa kanka.

Maman_Sadiq:

Ni gefen doka zan yi magana don ba Baban Hanifa kaɗai ke karanta wannan ba. Shi mai girin kad ne, dokar tarayya ta bashi dama, zai cika fom 4473 a shagon mai lasisi, ya rubuta lambar katinsa, a bincika sunansa a tsarin NICS na FBI. Amma ɗalibi ko mai bizar aiki ko ta ziyara ba haka bane, asali an hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in ya shiga cikin yan keɓantattun da doka ta lissafa kamar mai lasisin farauta, kuma kuskure anan yana iya jawo ɗauri da kora daga ƙasa. Sannan dan Allah kada wani yace maka tunda kai takardunka sun cika ka saya masa da sunanka, babban laifi ne ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, tambayar tana cikin fom ɗin ma.

Jiha ma ta bambanta. Abinda ya halatta a Texas a Kalifoniya ko New York ko Illinois yana iya zama laifi, in aiki zai iya mayar da kai wata jiha ka duba kafin ka ɗauko ta. In ta intanet ka saya ba gidanka za'a kawo ba, shagon mai lasisi za'a aika kuma zasu caje ka kuɗin karɓa.

Kuma naga sunanka Baban Hanifa, wato akwai yara a gidan. Cikin 700 ɗin nan ka fara cire kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli kafin komai, harsashi kuma a kulle shi daban. Yaro yana gano duk inda aka ɓoye abu, saman wadirob ba ajiya bane. Ka kuma yi magana da maman Hanifa tun kafin ka shigo da ita gidan.

Baban_Hanifa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shiga, mun riga mun yi magana da ita kuma sharaɗinta kenan akwatin. To in na cire akwati da abin toshe kunne da harsashin farko abinda zai rage bai fi 500 ba, kenan WASR sabuwa ta fita. Dogo in na samu ta hannu fa a wannan kuɗin?

Dogo762:

WASR ta hannu a 500 in ka gani ka tambayi kanka me yasa mai ita ya sake ta haka, ka duba duk abinda na lissafa sau biyu kuma ka ce sai makaniki ya auna kafin ka biya. Ni mai son AK ne amma a 500 AR ɗin Injiniya zaka ɗauka, ka sayi harsashin farauta kwali ɗaya ko biyu don ranar gona. In kuma AK ɗin ce dai ranka yake so to ka ƙara haƙuri ka tara, zuwa ƙarshen Nuwamba shaguna suna karya farashi, ka je da tocilarka.