Batirin mota ko na sola a kwale-kwale?

Ɗan Koma: Assalamu alaikum. Ina su da dare a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da kwale-kwalen katako marar inji, kuma ina so in haɗa fitilun LED biyu masu wat 10 da wurin cajin waya. Naira 90,000 ke hannuna. In sayi batirin mota, ko in jira sai na tara kuɗin na sola mai amfiya 100?

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam. An ƙera batirin mota ne domin tayar da inji, shi ya sa yake saurin mutuwa idan ana zuƙe shi kowane dare. Fitilunka biyu ba sa jan amfiya 2 a bolt 12, saboda haka awa takwas ba za ta ci amfiya 14 ba, ƙaramin na sola mai 40 ma ya ishe ka. Ka sa fiyus dab da kan batiri na jar waya.

Baba Mai Taru: Yaro, ka ji tawa. Bara da damina na sayi wanda aka ce na Beljiyam ne a Gombe kan naira 120,000, na naɗe mahaɗar wayoyin da leda, na ajiye shi a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa. A dare na tara igiyar ruwa ta gusar da shi, wayoyin suka haɗu, roba ta narke ta ɗiga a kan taruna har ta huda shi wuri uku, muka dawo cikin duhu ɗana yana haska mini da waya. Da na koma wa mai shagon, sai ya ce shi bai sayar mini da batirin wanka ba.

Ɗan Deba: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma an tsuga maka kuɗi, domin irinsa na saya 75,000.

Mai Wayarin: Ba batirin ne ya cuce ka ba, Baba, rashin fiyus ne.

Baba Mai Taru: Malam, ka taɓa riƙe filafili? Wayarin ɗin gida daban, na ruwa daban.

Na Bakin Gongola: Ku rage hasken dai, kada dorinar dam ɗin ta zo neman caji.

Ɗan Deba: Ni abin da ya fi damuna shi ne sata. Sau biyu ana kwance mini batiri a mashigi, yanzu kullum sai na ɗora kusan kilo 30 a kan babur zuwa gida. Wa ya kamata ya sa mai gadi a wurin, mu ko Sarkin Ruwa?

Ɗan Koma: Na gode, amma har yanzu ban ji wanda zan saya ba.