A raba folish da kaki da makuba

Jama'ar wankin mota da masu fenti, ku matso. A Sakkwato duk abin da aka shafa wa mota ta yi sheƙi, folish muke ce masa. Alhali abu uku ne, kowanne da aikinsa, kuma rashin raba musu suna ya taɓa cinye mini kuɗi.

A watan Afrilun bara na kai baƙar Corolla ɗina, 'yar Kwatano, wani wajen wanki. Na tafi sallar azahar na dawo, na tarar da yaro ya lafta mata wani farin abu tun daga bonet har but, a tsakiyar rana, bodi kamar tanda. Na ce, "Kai, mi kaka shafa mata?" Ya ce, "Folish na, Yaya." Abin ya bushe ya kama, ya yi ta dirza da tsohuwar singileti. Da yamma na duba a hasken fitila, fentin duk zane-zane ne zagaye kamar saƙar gizo, baƙar robar gefen ƙofa kuma ta yi fari fat. Gwangwanin da ya yi aiki da shi, wakis aka rubuta a jikinsa. Ban ga laifin yaron sosai ba. Sunan da aka koya masa ke nan.

Folish na gaskiya ci yake yi. Akwai garin gogewa mai laushi a cikinsa da ke kankare ɗan siririn saman fenti, wannan farin rufi mai kama da gilashi da kamfani ke fesawa a kan launi, don ƙananan zane su ɓace. Duk gogewa ɗaya rufin na raguwa, kuma ba ya tsirowa. Wannan kalma ta zauna a bakin mutane, a bar ta, amma a tsare ta ga wannan aiki kaɗai.

Na biyu shi ne wakis, kuma samo masa sunan Hausa bai wahalar da ni ba, don muna da kaki. Na mota mafi suna, kanoba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil. Sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, kakin zuma kuwa tun wajen 62 zuwa 64 ya sake. Wanda ya taɓa ɗora hannu a rufin baƙar mota a Gawon Nama da ƙarfe biyu na rana ya san dalilin da ya sa ba a dogara da na zuma shi kaɗai. Ƙanena ya yi dariya ya ce kaki ai na soja ne, ko na mai mura. To, da ka ce kakin mota, ba wanda zai kawo maka yunifom.

Inda na daɗe ina juyi shi ne na ukun, wanda suke kira silant. Haɗin sinadarai ne na masana'anta, ruwa-ruwa, yana kama fenti ya toshe shi daga ruwa da rana da kashin tsuntsu. Ba ya ba da zurfin sheƙi irin na kaki, amma ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba: shi wata 4 zuwa 6, kaki kuwa makonni ne, a zafinmu ma da ƙyar ya ga wata biyu.

Na gwada ce masa matoshi, sai na ga kwalba. Na gwada liƙi, sai na ga mai facin taya. Danƙo kuma zai sa mutum ya zaci abu ne mai kama ƙura, alhali korar ta yake yi. Garkuwar fenti ta yi daɗin ji, amma kaki ma ai garkuwa ne, ba ta raba komai ba.

Wani dattijo magini a unguwarmu ne ya warware mini, ina yi masa bayani muna zaune bayan la'asar. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yaro, wanga abu ai makuba ta." Na yi shiru. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ya yi ja, a yayyafa wa daɓe ko a shafe bango da shi, ƙasa ta ƙanƙame ta daina shan ruwa. Ba don ado ake sa ta ba, sai don damina. Na ce, "Baba, ka gama magana." Ya ƙara da cewa ba a sa makuba ga daɓen da ba a share ba, kuma in an sa, ba a takawa sai ta sha iska.

Ka ji dokokin silant ke nan, daga bakin wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Sai an wanke mota tas, an cire maiƙo da tsohon kaki, sannan take kama fenti. A shafa siriri a inuwa, bodi da sanyi, a jira ta yi hazo-hazo. Ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito tas, goge da tsumma mai laushi, in ya yi damƙi, ƙara jira. Daga nan a bar ta awa 12 zuwa 24 ba ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin robar. A lokacin hunturu wannan jira sai a cikin gareji ko ƙarƙashin rufi, in ba haka ba ƙurar dare ɗaya ta ishe ka, kuma goge ƙura a busasshen fenti daidai yake da goga masa yashi.

Shi ya sa nake son sunan, yana ɗauke da tsarin aikin. Makuba a ƙasa, kaki a sama. In ka juya, makuba ta hau kan maiƙon kaki, ba ta taɓa fenti ba, wanki biyu ta bi ruwa da kuɗinka.

Jera su ɗaya bisa ɗaya kuma, shafi nake ce masa, kamar shafin babbar riga. Shafi ɗaya na makuba, na biyu in ana so a cike inda hannu ya tsallake, sai shafin kaki. Masu yin shafi biyar na kaki, tsummansu ne ke shanye yawancinsa.

Malaman Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in akwai gyara muna saurare. Ni dai tun makon jiya na ce wa yaron da ke wanke mini yanzu, "Makuba za ka sa, ban da folish," ya kalle ni, ya yi dariya, ya ɗauko robar da ta dace.

Saura wannan sabon na siramik, mai sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, wanda ke shekaru bai tashi ba. Ƙanena ya ce a kira shi tangaran. Ban amsa ba tukuna, don ba na jin mai mota zai biya kuɗi a sa wa motarsa sunan abin da ke fashewa.